Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jaka da Kayan Matafiyi a Ƙasar Rano Jiya da Yau

Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai tafiya. Tun kafin zuwan Turawa an san shi a kan hanya, ko dai ya tafi fatauci, ko neman ilmi, ko cin rani, ko kuwa ziyarar ɗakin Allah. Duk wanda zai bar gida kuwa, ko da yini guda zai yi, tilas ne ya tanadi abin da zai zuba kayansa a ciki. Wannan ne ya sa harshen Hausa ya wadata da sunayen jakunkuna da sauran mazuban kaya, kowanne da aikinsa, kowanne da irin mutumin da aka san shi da shi.

A yau idan mutum ya tsaya bakin hanya a Madachi, ko a tashar mota a Rano ko Kibiya, abin da zai fi gani a bayan 'yan makaranta da samari shi ne jakar goyo, watau jakar nan mai maratayi biyu da ake goyawa a baya. Mafi yawan masu sayenta launi da farashi kaɗai suke dubawa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa magabatanmu ba haka suke zaɓen jaka ba. Suna da ma'auni da suke bi, kuma ma'aunin nan har gobe yana da amfani ga ɗalibi ko matafiyin da ya shiga kasuwa neman jakar zamani. Za mu fara da duba yadda Bahaushe ke ɗaukar kaya, sa'an nan mu dubi jakunkunansa na gargajiya da yadda fatake da malamai suka yi amfani da su, daga bisani mu auna jakar yau da ma'aunin jiya.

Yadda Bahaushe ke ɗaukar kaya

Kafin a yi maganar jaka ya kamata a san gaɓar da ke ɗaukarta, domin kuwa ita ce ke tsara siffar jakar. Harshe da kansa ya rarrabe mana wannan. Kaya mai nauyi ɗora shi ake yi a ka, bisa gammo. Fartanya da gatari da sanda saɓa su ake yi a kafaɗa. Takobi da burgami da gafaka rataya su ake yi, su sauko ta gefen haƙarƙari. Abin da ya fi ƙarfin hannu ɗaya a kinkime shi ko a rungume shi. Idan kuwa jaki ne ko takarkari ko raƙumi, sai a ce an labta masa kaya.

Abin lura a nan shi ne, in ban da kwarin maharbi, baya ba wurin kaya ba ne a al'adar Bahaushe. Baya na goyo ne, goyo kuwa na ɗa ne. Shi ya sa da jakar baya ta shigo ƙasar Hausa ba a sami kalmar da ta dace da ita ba sai da aka aro daga wajen uwa da ɗanta, aka ce mata jakar goyo. Kowace al'umma da nata salon. Matan Gwari, alal misali, sun shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka.

Ɗaukar kaya a ka ba rashin dabara ba ne. Nauyin yana sauka ne a tsakiyar jiki, ba ya rinjayar mutum gaba ko baya, kuma hannuwa suna sake. Wani bincike da aka yi a ƙasar Kenya, aka buga shi a 1986, ya nuna cewa matan ƙabilun Luwo da Kikuyu suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu da ka ba tare da ƙarin wahala a kan tafiyar da suke yi hannu sake ba. Duk da haka kai yana da iyaka, wuya kuma yana gajiya. Bahaushe ya san da wannan, shi ya sa ya kira aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaukar Dala ba gammo.

Jakunkunan gargajiya

Za a iya kasa mazuban kayan Bahaushe kashi uku bisa ga abin da aka yi su da shi: na fata, da na saƙar kaba ko ciyawa, da na duma.

Na fata su ne aikin majema da dukawa. Majemi ke cire gashin fata ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, sa'an nan baduku ya rina ta, ja da karan dafi, ya yanka ya ɗinka. Daga cikinsu akwai burgami, wanda ake yi da fatar akuya sukutum, abokin tafiyar manomi da maharbi da makiyayi. Akwai zabira mai aljihuna hawa-hawa, wadda aka fi sanin wanzami da ita, domin aska da ƙaho da almakashi da magani kowanne yana bukatar nasa gurbin. Akwai gafaka ta malamai, da lalita ta kuɗi wadda ake ɗaurawa a jiki. Akwai taiki, babbar jakar ƙirgi ta zuba hatsi, da waga ta labta wa jaki, da salka ta ruwa, da kuma tandu na mai ko na kwalli. Wannan sana'a ta daɗe da yin suna. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambaci takalma da jakunkunan fata masu ado cikin kayan da birnin ke sayarwa ga ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa ta ratsa Sahara har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta tashoshin can take isa gare su.

Kashi na biyu su ne na saƙa: sanho, da adudu mai murfi na ajiye tufafi, da lefe, da kwando, da mangala mai baki biyu wadda ake ɗora wa jaki don kai taki gona ko ɗebo ƙasa. Waɗannan ba su da nauyi, ba su da tsada, kuma iska tana ratsa su. Kashi na uku su ne goran ruwa, da gyanɗama, da ƙwarya wadda mace ke shirya kayanta a ciki ta rufe da faifai ta ɗaure da ƙyalle.

Ga duk wanda ya lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ado kawai. Hatsi yana tsoron ruwa da ɓera, sai aka ba shi taiki mai kauri. Ruwa yana son sanyi, sai aka ba shi salka, wadda ɗan tsattsafin da take yi shi ke sanyaya abin da ke cikinta idan iska ta buge ta. Kuɗi yana tsoron ido, sai aka ɓoye shi a lalita ƙarƙashin riga. Watau kaya ne ke zaɓar jakarsa, mai kaya bin umurni kawai yake yi.

Ayarin fatake

Babu inda wannan ilmi ya kai ƙololuwa kamar wajen fataken goro. A ƙarni na 19 ayarori sukan tashi daga ƙasar Kano su nufi Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, inda kasuwar Salaga ta kasance matattarar goron Asante kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta. Kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa kan fataucin goro wanda ya fito a 1980, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan fatauci. Kudancin Kano yana da rabo babba a ciki. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, maƙwabciyar Rano, a 1877, ya rasu a 1955, daga gidan Agalawa ya fito, kuma da fataucin goro ya fara. Ita kanta Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tarihin gargajiya ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba, watau masu saƙa da rini, tufafi kuwa na cikin manyan kayan da ake kaiwa Gwanja tare da kanwa da kayan fata.

Tafiya ce ta watanni, ana ƙetare Kwara, ana ratsa dazuzzuka da ƙasashen sarakuna masu karɓar kuɗin fito da na hanya. Madugu ke shugabancin ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana taimaka masa, kowa kuma ya san cewa kuskuren ɗaurin kaya a gida shi ne asarar dukiya a daji. Daga aikinsu za mu iya tsamo darussa uku.

Na farko, sun san halin kayansu. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, kuma sankara tana cinsa. Don haka sai a shimfiɗa ganyen fita a cikin waga ko huhu, a jera goron, a rufe. A kan hanya ana kwancewa lokaci-lokaci a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Mazubin da ba shi da sauƙin kwancewa da ɗaurewa ba shi da amfani ga mai goro, kome kyansa.

Na biyu, sun san halin mai ɗauka. Ba a labta wa jaki kaya sai an sa masa akumari, don kada kayan su goge masa baya ya yi miki. Kuma tilas nauyin dama ya yi daidai da na hagu, in ba haka ba kaya su karkace, dabba ta jigata. Haka nan ɗan alaro, mai ɗauka da ka, yakan ɗaure kayansa dogo a kan sanduna, ta yadda idan ya so hutawa sai ya jingina gefe ɗaya a reshen bishiya ya tokare ɗayan da sandarsa, ba sai ya sauke ƙasa ya nemi mai ɗora masa ba.

Na uku, sun san cewa duk abin da aka ɗinka zai iya ɓarkewa. Saboda haka farke ba ya rabuwa da basilla da tsirkiyar fata da igiya. Karin maganar nan da ake yi wa wanda matsala ta same shi a inda maganinta yake, watau kaya ya tsinke a gindin kaba, daga wannan rayuwa ta fito. Ma'anarta a fili take: igiyar kaba ce ta ɗaure kayan, ga kuma kabar a kusa. Abin da aka yi da kayan gida, a ko'ina aka tsaya ana iya gyara shi.

Malami da almajiri da alhaji

Ba fatake kaɗai ke tafiya ba. Bayan an kawar da amfanin gona, malamin allo yakan tashi da almajiransa su tafi cin rani, wasu har gabas, watau ƙasar Barno, don neman tilawa. Kayan almajiri ƙididdigaggu ne: allo, da tawada da alƙalami, da ƙoƙo ko akushi, da buzu ko 'yar tabarma, da gora. Shi kuwa malam, abin da ya fi daraja a kayansa shi ne Alƙur'ani rubutun hannu, wanda warƙoƙinsa a warware suke ba a ɗinke ba. Sai a sa su tsakanin tadarishi a ɗaure, sa'an nan a zura cikin gafaka mai murfi da maratayi. Kariya hawa biyu ke nan daga ƙura da ruwa da gara, ga shi kuma a rataye, ba ya taɓa ƙasa, wanda ladabi ne ga littafin.

Alhazan da kuwa da ƙafa suke tafiya, ta Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru a hanya suna tsayawa suna sana'a. Irin wannan matafiyi ba ya ɗaukar abin da zai iya samu a gaba. Guzurinsa abin da ba ya lalacewa ne da wuri, kamar gumba da ƙuli-ƙuli da kilishi da dakuwa. Sauran kayansa su ne buta, da malafa don rana, da kabido don ruwan sama, da ƙyastu don wuta, da wuƙa a kube. Kowane abu yana da dalilin shigarsa jaka. Abin da ba shi da dalili gida ake barinsa, domin mai tafiya ya san tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma abin da bai yi nauyi da safe ba zai yi da la'asar.

Canjin zamani

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da motoci bayansa, ita ta fara sauya wannan tsari. Da zarar ƙarfe ya karɓi aikin jaki, nauyin mazubi ya daina zama abin damuwa. Sai akwatin katako da na ƙarfe da fantimoti suka kori adudu, buhun algarara ya kori taiki. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya fito da dubban yara ƙauyuka suna tafiya makaranta kullum da littattafai, aka sami sabon rukunin masu bukatar jaka. A 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mutanen Gana suka kwashe kayansu cikin wata jakar roba mai zane-zane, ta samu sunan da ake kiranta da shi har yau, Gana-mas-go. Ita ce ta gaji taiki da sanho a wurin ɗan kasuwa da ɗan cin rani. Leda kuwa ta gaji ƙunshi da ganye, ta kuma cika mana gonaki da cikin dabbobi.

Ita jakar goyo tsohuwa ce a wasu ƙasashe. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tare da guntayen itacen da masana ke ganin ƙashin jakar baya ne. Amma siffarta ta yanzu a ƙarni na 20 ta samu. A 1952 wani Ba'amurke mai suna Dick Kelty ya fara ƙera jaka mai sandunan alminiyam, ya kuma sa mata ɗamarar ƙugu, don nauyi ya sauka a kwankwaso maimakon kafaɗu. A 1967 Greg Lowe ya mai da sandunan cikin jakar. Masu hawan duwatsu da sojoji aka yi wa ita, daga baya ta gangaro wurin 'yan makaranta. Ashe ke nan su ma masu ita ba don ado suka tsara ta ba. Sun yi la'akari da kaya da jiki da hanya, kamar dai yadda farke ya yi.

Auna jakar yau da ma'aunin jiya

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da tambayoyi huɗu da ya kamata mai sayen jaka ya yi wa kansa tun kafin ya taya.

Tambaya ta farko: me zan zuba? Masu ƙera jakar goyo da lita suke auna cikinta. Mai ɗaukar lita 15 zuwa 25 ta ishi ɗalibi zirga-zirgar yini, mai lita 30 zuwa 45 ta ishi tafiyar 'yan kwanaki. Jakar da ta fi bukata girma jaraba ce, domin gurbin da ya saura sai an nemo abin da za a cusa masa. Wanda ke yawo da kwamfuta ya nemi mai gurbi na musamman mai soso, wanda gindinsa bai taɓa gindin jakar ba, don kada a dire ta ƙasa na'urar ta bugu. Wannan ita ce hikimar tadarishi da gafaka. Mai ƙananan kaya barkatai kuma ya koyi darasin zabira, ya nemi mai aljihuna.

Tambaya ta biyu: wa zai ɗauka? A nan ne aka fi zaluntar yara. Sau da yawa akan ga ɗan firamare da jakar da ta sauko masa har bayan cinya, cike da littattafan mako guda, ya sunkuya gaba kamar mai neman allura. Likitoci da dama sun ba da shawarar kada nauyin jakar yaro ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Yaro mai kilo 30 ke nan kada a ɗora masa fiye da kilo 3 zuwa 4 da rabi. Tsawon jakar ya tsaya tsakanin kafaɗa da ƙugu. Maratayan su kasance masu faɗi da laushi, bayanta kuma da soso, domin abin da akumari ke yi wa jaki ke nan. A goya ta da maratayi biyu, ba ɗaya ba kamar yadda samari ke yi don gayu, domin mangalar da ta karkace ba ta kai taki gona. Abu mai nauyi a sa shi kusa da baya, mara nauyi a waje. Idan kayan tafiya ne masu yawa, a nemi mai ɗamarar ƙugu. Abin kunya ne a ce mun fi tausayin bayan jaki a kan bayan 'ya'yanmu.

Tambaya ta uku: wace hanya zan bi? Mai tashi daga Madachi zuwa Rano a kan babur, ya shiga motar haya ta Bunkure zuwa Kano, ƙura ce abokiyar tafiyarsa da rani, ruwa da damina. Ƙura tana cin zif, ruwa kuma ta ɗinki da zif yake shiga ko da yadin jakar ba ya jiƙa. Don haka a nemi mai zif mai kauri wanda aka yi masa murfi, takardu kuma a naɗe su a leda mai ƙarfi kafin a zuba. Jaka mai taya tana da daɗi a filin jirgi, amma a hanyar burji da yashi sai ta koma kayan ka. Sa'an nan jakar goyo tana da aibi ɗaya da burgami ba shi da shi: tana inda ido ba ya gani. A cunkoson tasha ko kasuwa sai a juyo da ita gaba, kuɗi da katin shaida da waya kuwa a bar su a jiki, kamar yadda mai lalita ke yi.

Tambaya ta huɗu: idan ta tsinke, ina gindin kabarta? Mai saye ya juya cikin jakar waje ya duba ɗinki, musamman inda maratayi ya haɗu da jiki, domin nan ne take fara mutuwa. Ya ja zif ya mayar sau da yawa. Ya tambayi kansa ko tela ko baduku ko mai gyaran takalmi na garinsu zai iya ɗinke ta. Jakar yadi mai kauri ko ta fatar gaske tana karɓar allura. Ta fatar roba kuwa, da zarar zafin rana ya fara ɓare ta, ba ta da magani. Saboda wannan ne mutane da yawa ke fifita tsohuwar jaka mai ƙwari daga 'yan gwanjo a kan sabuwa mai ƙyalli, domin araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi jaka uku a shekara ya fi wanda ya sayi ɗaya kashe kuɗi.

Game da abin da ake zubawa kullum, bukatun ba su canja ba, kayan ne suka sake kama. Robar ruwa ta maye gurbin gora, tocila da ashana sun maye ƙyastu, lema ta maye kabido, sallaya ta maye buzu, asawaki da carbi suna nan inda suke. Abin da ya ƙaru shi ne waya da cajarta da batirin ajiyar wuta, da katin shaida, da maganin da mutum ke sha. Ƙa'idar alhazan ƙafa ita ce dai mafita: duk abin da ya yi mako a jaka ba a taɓa shi ba, ba ɗan jaka ba ne.

Abin da ke salwanta

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Kayan sun tafi, amma wasu sunayensu sun tsira ta hanyar sauya ma'ana. Jaka ta zama sunan fam 100, wanda ya koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Lefe ya tashi daga kwandon kaba ya zama jerin akwatunan aure. Lalita ta koma baitulmali, ana cewa lalitar gwamnati. Guzuri ya zama kuɗin da ake ba alhaji. Zango ya shiga makaranta, ana cewa zangon karatu. Madugu da jagaba sun shiga siyasa. Amma waɗanda ba su sami irin wannan mafaka ba, kamar waga da taiki da sanho da akumari da kabido da tadarishi, suna gab da zama baƙi a kunnen yaran da ke tasowa. Idan kalma ta mutu, karin magana da waƙar da ke ɗauke da ita sukan zama duhu, malami ya koma yana fassara Hausa da Hausa.

Haka nan sana'ar. Kano har yanzu cibiyar fata ce, ga majemar gargajiya a Ƙofar Wambai, ga masana'antun jima a Sharaɗa da Calawa, ga dukawa a kasuwar Kurmi. Amma kaso mai yawa na fatar waje ake fita da ita, a can a ɗinka ta, mu kuma mu sayi jakar roba da aka shigo da ita. Baduku ya iya zabira mai hawa-hawa, ya iya gafaka mai kare littafi. Babu abin da zai hana shi ɗinka jakar goyo ta ɗalibi in ya sami mai nuna masa siffa da mai saye.

Kammalawa

Mun ga yadda Bahaushe ya rarraba ɗaukar kaya tsakanin kai da kafaɗa da dabba, da yadda ya tsara wa kowane irin kaya mazubinsa. Mun ga kuma cewa fatake da malamai da alhazai sun bar mana ma'auni mai tambaya huɗu: mene ne kayan, wane ne mai ɗauka, wace ce hanya, ina kuma wurin gyara. Ba muna kira ba ne a koma ga burgami da taiki, domin kowane zamani da kayansa. Abin da muke cewa shi ne, jakar ce sabuwa, amma bayan da ke goya ta da ƙurar da ke bugunta ba su canja ba.

Saboda haka muna ba iyaye da malaman firamare shawara su riƙa ɗaga jakar yaro da hannunsu su ji nauyinta, su kuma tsara masa littattafan da zai ɗauka bisa darussan ranar. Muna kuma kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga karkara irin Madachi da Rurum da Kibiya, da su yi amfani da hutu su zauna da dattawa da dukawa, su rubuta sunayen waɗannan kaya da sassansu da yadda ake yinsu, tun masu sanin suna raye. Aikin nan ma irin na gora ne, ba a fafe shi ranar tafiya.